Rantsuwar Maigidana da Keken Lantarki

Ɗan acaɓa ne maigidana lokacin da na san shi a Kano, kuma ɗan acaɓa mai ji da kansa. Tun yana bakin titi nake gane ƙarar babur ɗinsa, in yi sauri in gyara ɗankwali. Ya sa masa madubai har da waɗanda ba su da amfani, ya ɗaura masa geza a hannu, kuma in ya zo zance sai ya ciro tsumma ya goge tanki kafin ya ɗago ya dube ni. Yayyena kan ce, "Ke dai 'yar rakiya ce, babur ɗin zai aura." Ko a jikina. Bayan an ɗaura aure, in ya ɗauko ni muka bi ta Ƙofar Nasarawa iska tana kaɗa mayafina, ba na ganin akwai matar da ta fi ni a garin nan.

Sai Allah Ya kawo mu New York, muka sauka a Harlem, a wani bene da ba shi da nisa da titin 125. Babur ya zama labari. Shi ya kama tuƙin tasi, ni na kama tanda. Waina nake soyawa, da miyar taushe ga mai so, da yajin ƙuli ga mai sauri. Masu kitso suna saya, 'yan Nijar masu tebur a bakin titi suna saya, haka 'yan uwanmu da ke aiki a asibiti. A haka muka raini yaranmu, har babbar ta gama karatu ta sami aiki a ofis. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Uwata yake kiran ta.

Ana nan ciwon baya ya kama shi. Likita ya ce zaman mota ne, kuma in bai bari ba wata rana sai an ɗaga shi. Ya ajiye tasi. Da farko na yi murna, na ce yau dai zan ga mijina da rana. Ashe ban san abin da nake wa murna ba. Ya sami wata kujera a bakin taga ya zauna, shi ke nan. Mutumin da ko ruwa na kawo masa sai ya tsokane ni, ya koma sai "to" da "a'a". In na zuba masa abinci ya ɗan taɓa ya ture. In ya je masallaci ya dawo, bai tsaya hira da kowa ba. Wallahi na ji tsoro. Na sha tsayawa a bakin kicin da cokali a hannu ina kallon ƙeyarsa, ina roƙon Allah Ya dawo mini da shi.

Wata ranar Asabar ya fita bayan azahar bai ce mini ga inda za shi ba. Can wajen la'asar na ji ana danna oda a ƙasa, fit-fit, fit-fit, ba ƙaƙƙautawa. Na leƙa ta taga da niyyar in zazzage ko wane ne. Sai ga Malam, maigidan nawa, zaune a kan wani baƙin abu mai ƙatuwar taya, ya ture hula gaba, haƙora duk a waje.

"Hajiya, sauko ki ga babur!"

Ko mayafi ban yafa daidai ba na sauka. Abin ba shi da tanki, ba shi da salansa, batir ne aka manna masa a ciki. In an murɗa hannu sai ya zabura ba tare da ƙara ba. Ya ce a wani shago wajen titin Canal ya saye shi, daga nan aka wuce da shi wurin abokinsa, wani bakanike mutumin Maraɗi, ya yi masa 'yan gyare-gyare. Ban tambayi irin gyaran ba. Ina ruwana? Ni dai dariyarsa nake kallo, wadda na yi watanni ban ji ba.

Tun daga ranar gidan ya canja. Ya ɗaura kwando a baya ya ce shi ne zai riƙa kai waina. Da can sai in loda a keken kasuwa, irin na zuba kaya, in tura ina haki, kafin in kai ta huce. Yanzu kuwa ina kwashewa daga tanda, kafin in wanke hannu ya kai ya dawo. Masu kitso suka ce wainata ta ƙara daɗi, alhali ban canja komai ba, zafinta ne kawai suke samu. Ya nemo madubai ya ƙara, ya nemo tsumma. Geza ce kawai bai samu ba, sai ya yanki bakin wani tsohon gyalena ba tare da ya tambaye ni ba. Na yi faɗa, amma na baka ne kawai. Ya koma cin tuwo malmala biyu. Ya koma tsokana. In ya dawo sai ya tsaya a bakin kicin yana ba ni labarin yadda ya wuce wata bas, da yadda wani yaro mai kai abinci ya so ya yi tsere da shi ya sha ƙasa.

"Malam, da furfurarka?"

"Furfurar a kai take, Hajiya, ba a hannu ba."

'Yarmu ce ta ɓata mana shagalin, Allah Ya yi mata albarka. Ta zo yini ran Lahadi, ta tarar da abin a jingine a baranda. Ta zagaya shi, ta tsuguna, ta leƙa ƙasansa. Yaran nan in ka yi musu Hausa da Turanci suke amsa maka, amma in magana ta yi nauyi sai ta lallaɓo Hausarta.

"Baba, ina fedar?"

"Wace feda, Uwata? Babur ne."

"Da ka saye shi yana da feda?"

Ya ɗan sosa gemu. Ya ce yana da ita, shi ya sa aka cire, aka sa masa wurin ɗora ƙafa irin na mutunci. Ta tambaye shi gudun fa. Nan ya ƙara faɗaɗa murmushi, ya ce da an daƙile shi, mutumin Maraɗi ya buɗe masa, yanzu in ya sami titi babu kowa har mota yake bari a baya.

Yarinyar nan ta dafe kai. Ta zaunar da mu kamar 'yan makaranta ta yi mana bayani. Ta ce a dokar garin nan keken lantarki aji uku ne. Akwai wanda sai kana taka feda injin yake taimaka maka, akwai wanda ake murɗa hannu ya tafi da kansa, akwai kuma na uku da ya ɗan fi su gudu, shi ma ba ya wuce mil ashirin da biyar a awa. Dukansu dole su zama da feda mai aiki, da 'yar takarda a manne da ke nuna ajinsu. Abin da ba shi da feda, ko ya wuce wannan gudun, ya tashi daga keke ya zama babur, sai an yi masa rajista, an sa lamba, kuma mai shi yana da lasisi.

"Madalla," in ji shi. "Ai na gaya miki babur ne. Lasisi kuwa ina da shi. Gobe sai mu je a sa lamba."

"Ba za su sa ba, Baba. Wannan a matsayin keke aka ƙera shi, ba shi da lambar jiki irin ta babur. Yanzu shi ba keke ba ne, shi ba babur ba ne. In aka tsayar da kai, ƙwacewa za a yi."

Na ce to ai abin mai sauƙi ne, a mayar da feda, a daƙile gudu, kowa ya huta. Ya dube ni wani iri ya ce a'a. Na ɗauka son gudu ne. Ita ma ta yi ta lallashi, ta ce ba maganar ƙwacewa kaɗai ba ce, akwai tsofaffi masu tsallaka titi, akwai yara. Ya ce gudun ya yarda a rage, amma feda kam a'a. Muka bar maganar a nan, ya ci gaba da harkarsa.

Ba a daɗe ba abin da ta faɗa ya faru, ko da yake ba a kansa ba. Ya fita da wainar rana, sai ga shi ya dawo da ita a kwando, yana tura abin da hannu. Ya ce ya hango 'yan sanda a gaba suna tsayar da masu babura marasa lamba, suna lodawa a babbar mota. Ya ga wani ɗan Gini da ya sani tsaye a gefen titi, riƙe da hular kwano, ba abin hawa. Shi kuwa ya sulale ta wani layi. Ya shigo da abin hawan har falo, ya ɗauko tsohon zanina ya lulluɓe. Sannan ya je ya zauna a kujerar nan ta bakin taga.

Kai, na tsani kujerar nan! Har yau in na dube ta sai na ji raina ya ɓaci. Na koma tura keken kasuwa, shi ya koma "to" da "a'a". Tuwo ya koma ana dawo mini da shi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin yana nan a gidan. Na ga fedar da idona a cikin leda a saman kabad, sabuwa fil. Kullum in ce, "Malam, a mayar mana." Kullum ya ce in bar maganar. Na yi lallashi, na yi shiru, na yi fushi, na haɗa shi da 'yarsa a waya. Duk a banza.

Ranar da haƙurina ya ƙare, na dawo daga kai waina ƙafata tana zogi, na tarar da shi yana kallon titi. Na sauko da ledar na zube masa a cinya.

"Yau sai ka gaya mini. Girman kai ne? Wai kada a ga tsohon ɗan acaɓa yana taka keke? Wa ya san ka a garin nan? Likitoci ma keke suke hawa! Za ka zauna ka ruɓe a kujera saboda ƙarfe biyu? To ni ban yarda ba, wallahi ban yarda ba."

Ya daɗe yana juya ledar. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Rantsuwa na yi."

Na ce wace irin rantsuwa kuma?

Sai ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Mahaifinsa, Allah Ya jiƙan rai, burodi yake kaiwa ƙauyuka a keke. Ya ɗaura katako a baya, a jera burodi har ya fi kansa tsawo, ya taka daga gidan burodi har bayan gari, rani da damina. Na san wannan, amma ban san yadda ta ƙare ba. Gwiwoyinsa suka lalace har ya koma sallah a zaune, keken ya dawo hannun maigidana tun yana saurayi. Ya ce ya taka keken nan yana kuka, ya taka shi da yunwa, ya faɗi da shi a taɓo burodin mutane ya jiƙe. Ranar da Allah Ya ba shi babur, ya jingine keken a bangon zaure ya ce wallahi tallahi shi da hawa keke har abada. Shi ya sa bai yarda ya hau wannan ba sai da aka cire fedar. In babur ne, rantsuwarsa tana nan. In ya mayar da feda ya zama keke, ya karya.

Na tsaya ina kallon sa. Tausayi ya kama ni har idona ya kawo ruwa, kuma a lokaci guda dariya tana neman ƙwace mini. Shekara da shekaru ina kwana ina tashi da bawan Allah nan, mun haifi yara, mun tsallaka teku, ban san yana ɗauke da wannan ba. Na tuna ko yaranmu da suke koyon keke, daga baya yake riƙe musu sirdi, bai taɓa cewa kawo in nuna maka ba.

"To me ya hana ka tambayi malamai?"

"In je in ce me? A yi mini dariya?"

"Tashi ka sa hula," na ce. "Gara a yi maka dariya."

Limaminmu mutumin zangon Kumasi ne, dattijo mai fara'a. Muka same shi bayan la'asar a ɗan ofishinsa na masallaci. Maigidana ya tsaya kame-kame, ni na karɓe zancen na zayyana masa tun daga burodi har zuwa aji uku. Liman ya yi ƙoƙari, ya haɗe baki, ya dubi silin. Daga baya abin ya fi ƙarfinsa, ya cire tabarau yana dariya har da share hawaye.

"Alhaji, wato hukuma ta ce in babur ne a ƙwace, kai kuma ka ce in keke ne ka yi zunubi. Kai ka sa kanka a tsakiya!"

Da ya natsu sai ya tambayi maigidana ko da sunan Allah ya rantse. Ya ce da sunan Allah. Liman ya ce to addini bai bar mutum a ɗaure ba. Wanda ya rantse a kan abu, daga baya ya ga alheri yana cikin barin rantsuwar, sai ya yi abin da ya fi alheri ya yi kaffara. Ya ciyar da miskinai goma su ƙoshi, da irin abincin da iyalinsa ke ci. Ya ce akwai wani masallaci a Bronx, can ƙetaren gada, da samari baƙi sababbin zuwa suke fakewa, ba aiki ba dangi, su ne suka fi cancanta. Sannan ya juyo gare ni.

"Hajiya, ba ke ce mai waina ba? To ai an gama. Amma limamin da ya yi fatawa fa, ba ya cikin goman, nasa daban."

Da muka kai ƙofar gida sai Malam ya ce, "Ashe shi ke nan?" Na ce shi ke nan, da ka buɗe baki tun tuni da ba mu sha wannan wahalar ba.

Washegari ya tura abin wurin mutumin Maraɗi. Aka mayar da feda, aka mayar da gudun yadda ya zo daga kamfani. 'Yar takardar ajin ma ashe tana nan, gezar gyalena ce ta rufe ta. 'Yarmu ta zo ta duba da kanta, ta ce yanzu keke ne cikakke, aji na biyu, ba mai taɓa shi muddin ya bi titin keke ya tsaya a danja. Ta kawo masa hular kwano sabuwa. Ya ce ina zai sa hularsa ta zanna? Ta ce a aljihu.

Ni kuwa na jiƙa shinkafa da yawa. Ban taɓa yin waina da farin ciki irin na ranar ba. Ƙullin ya tashi har yana neman zuba, tanda ta yi mini biyayya, ko ɗaya ba ta kama ba. Na yi miyar taushe da kabewa da alayyafo, na sa naman rago ban yi rowa ba. An ce goma, na yi abin da zai ishi fiye da haka, don na san samari da yunwa, kuma ba za a ce wasu su ci wasu su kalla ba. Na zuba a robobi, muka jera a kwando, muka ɗaure da igiya.

Ya sauko da keken bakin titi. Ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa don kada sarƙa ta kama, ya naɗe kaftani, ya sa hular kwano. Ya tsaya yana kallon fedar. Ya yi bisimilla ya ɗora ƙafa, amma bai juya ta ba, hannu ya murɗa, keken ya tafi da shi a hankali har ya sha kwana.

Na koma sama na yi wanke-wanke, na share kicin, na yi sallah. Shiru. Lokacin da ya kamata ya dawo ya wuce. Na kira wayarsa, sai na ji tana ƙara a kan kujera, ya manta ta. Zuciyata ta fara kawo mini abubuwa: ko an tsayar da shi duk da haka, ko bayansa ne ya riƙe a hanya, ko mota. Ina cikin wannan sai idona ya faɗa kan wayar caji a nannaɗe a bayan talabijin. Innalillahi! Tun ranar da ya lulluɓe keken nan ba wanda ya sa masa caji. Na ɗauki mayafi na sauka na tsaya a bakin ƙofa.

Can na hango shi daga ƙarshen layi. Tafe yake a hankali, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, gwiwoyinsa suna juyawa, kwando babu komai yana ƙara a baya. Takawa yake yi. Kaftanin ya jiƙe sharkaf ya manne masa a baya. 'Yan Nijar masu tebur suka gan shi suka ɗauki shewa, wani ya ce, "Alhaji, yau man ya ƙare ke nan?" Ya ɗaga musu hannu ɗaya. Da ya iso daidai inda nake na matsa zan riƙe masa, sai ya wuce ni. Wallahi wuce ni ya yi, yana dariya, ya ce, "Ina zuwa, Hajiya!" Ya zagaya layin gaba ɗaya ya sake dawowa, sannan ya tsaya ya sauke ƙafa yana haki.

Ya ce yaran sun ci sun side robobi, sun yi ta addu'a da harsunan da bai sani ba. A kan gada, yana dawowa, batir ya mutu. Ya tsaya ya yi tunanin ya tura, sai ya ga ai ya riga ya biya kaffara. Ya taka sau ɗaya, ƙafar ta karɓa da kanta.

"Tun daga gadar nan Baba nake tunawa," ya ce. "Yadda yake karkata in zai sha kwana don kada burodi ya zube. Na ga ni ma haka nake yi." Ya share fuska da hannun riga, ban san ko gumi ne kaɗai ba. "Duk shekarun nan in na tuna keken nan nasa haushi nake ji. Yau ban ji ba. Da shi ya ciyar da mu, Hajiya."

Ni dai na kama sirdin na riƙe, muka tsaya a nan mutane suna wuce mu. Da numfashinsa ya dawo sai ya zare hular kwano, ya ciro zannarsa daga aljihu ya gyara mata kari ya sa.

"Akwai sauran waina? Yunwa nake ji. Kuma ki gaya wa masu kitso gobe da safe ina tafe."